Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin birnin Damagaram: a mayar wa keke bakin titi

Zuwa ga shugaban birnin Damagaram, da shugabannin gundumomi biyar na birni, da ma'aikatan da ke kula da tituna da tsabtar gari.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, muna gaisuwa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar jama'a. Mu da muka haɗu a kan wannan takarda masu gyaran keke ne, da masu walda, da magina masu aikin titi, da malaman lakwal. Abin da ya haɗa mu guda ne: keke yana ɓacewa daga manyan titunan garin nan, alhali garin ya fi kowane lokaci buƙatarsa. Ana yawan ɗora laifin a kan zafin rana ko kunyar hawan keke. Duk akwai su, amma ba su suka kori mai keke ba. Abin da ya kore shi yana cikin mita ɗaya da rabi na bakin kwalta, inda rairayi ya taru, murfin kanibo, wato magudanar ruwa, ya ɓace, mai tebur ya kafa, moto kuma ya ratsa da gudu. Wannan wurin kuwa a hannunku yake, kuma gyaransa bai kai kuɗin sabon titi ba.

Damagaram ta dace da keke. In ban da 'yan hawa-hawa na wajen duwatsu, garin shimfiɗe yake, ruwan sama kuma wata uku ne. Mai keke da ba ya sauri yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa, wato tafiyar kilomita 5 minti 20 zuwa 25 ce, wadda mai ƙafa sai ya haura awa. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 320,000 a gundumomin nan biyar, kuma tun daga lokacin unguwanni sai ƙara nisa suke yi da Birni da Zango da kasuwar Dole. A ɗauka uba yana biya wa ɗiyarsa dala arba'in zuwa lakwal, dala arba'in dawowa. A kwana 22 jika 8 ne da dala 160, a wata tara sun kusa jika 80, kuɗin da zai sayi keke mai kyau da zai yi shekaru. Mai kuwa kowa ya ga halinsa. Tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023 man kwalba ya daina araha, kuma duk da matatar SORAZ da ke nan arewa da mu tun 2011, an sha layi a gidajen mai a watan Maris na 2025.

Mu fara da rairayi, don shi ne babba, kuma shi ne wanda ba a taɓa sa wa suna a cikin takardun aiki. Iskar hunturu tana kawo shi, ruwan damina yana janyo shi daga lungunan da ba su da kwalta, tayoyin motoci kuma suna share shi daga tsakiyar titi zuwa gefe. Tayar keke faɗinta bai wuce santimita 4 ba. Da rairayi ya kai kaurin yatsa biyu, tayar gaba sai ta nutse ta karkace, mai keke ya rasa linzami. Saboda haka yake barin gefe ya shiga tsakiya, inda mota da moto suke, sai a ce masu keke ba su san hanya ba. Sun sani, gefen ne ba ya biyuwa. A cikin rairayin nan kuma ake samun tsidau, da fasassun kwalabe, da wayar tayoyin da aka ƙone, abubuwan da ke cika rumfar mai faci.

A yi lissafi. Rairayi mai kaurin santimita 1, a faɗin mita 1.5, a tsawon kilomita 1, ya kai mita-kubu 15, nauyinsa ya haura tan 20, kuma gefe ɗaya ke nan. Tsintsiya kaɗai ba za ta iya ba. Kowace ƙungiyar shara tana buƙatar masu tsintsiya, da masu shebur, da baro, da amalanke ko tifa da za ta kwashe a ranar. Kurakurai biyu ake yi. Na farko a tara rairayin tsibi-tsibi a bakin titi a tafi. Kafin kwana uku iska da awaki sun mayar da shi inda yake. Na biyu a tura shi cikin kanibo, sai ruwan farko na watan Yuli ya rasa hanya ya hau titi ya ci gefen kwalta. A kai shi inda ruwa ya yi zaizaya a cike ramuka. Don kankare dai bai dace ba, ya yi laushi da datti. A hunturu da damina shara sau biyu a mako, sauran watanni sau ɗaya. Sannan a toshe inda yake fitowa: duk lungun ƙasa da ya buɗe a kan titin da aka zaɓa, a shimfiɗa wa bakinsa pabe, wato tubalan siminti na daɓe titi, na mita 10 zuwa 15, a ɗan karkata shi zuwa kanibo, don tayoyi su zubar da ƙasarsu kafin su hau kwalta. Muna roƙon doka guda a nan: kada a buɗe kilomita ko ɗaya ta hanyar keke sai an rubuta kuɗin shararta na shekara a kasafin birni.

Wace hanya za a zaɓa? Kada a zaɓa daga ofis. A ba ɗaliban Jami'ar André Salifou takardar ƙirga, biyu-biyu a mahaɗa goma ko sha biyu, daga 6:30 zuwa 8:30 na safe, da lokacin tashi daga lakwal, da bayan la'asar zuwa magariba. A yi ranar Talata, a maimaita ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, don garin ba ɗaya yake ba a ranakun biyu. A ware keke, moto, adaidaita, kura, amalanke, mota, mai ƙafa. A cikin masu keke a rubuta namiji ko mace, yaro ko babba, da kaya ko babu. A kuma nemi wuraren da haɗari ya fi faruwa daga 'yan sanda da babban asibiti. Abin da zai fito shi ne layi ɗaya mai haɗa Birni, kasuwar Dole, babban asibiti, lise Amadu Kuran Daga da jami'a, ko wani abu kusa da haka. Sharaɗin shi ne ya zama a haɗe daga farko har ƙarshe. Mita 300 a gaban ma'aikata, sannan a saki mutum cikin manyan motoci, ba zai sa uwa ta bar ɗanta ya hau keke ba, don wurin da ya fi muni take dubawa. Birnin Sebil na ƙasar Sifen, mai zafin bazara shi ma, ya gina wajen kilomita 80 a haɗe cikin shekara biyu daga 2006, masu keke suka ninka sau da yawa. Mu kilomita 5 zuwa 6 sun isa a fara da su.

Game da faɗi: kan keke santimita 60 zuwa 70 ne, da lilo na tafiya mutum yana cin mita 1. Amma keken Damagaram ba na motsa jiki ba ne. Yana ɗauke da jarka biyu ta lita 25 dama da hagu, ko buhun kayan lambu daga wajen Mirya, ko damin ciyawa, sai faɗinsa ya kai mita 1.2 ko fiye. Don haka hanyar keke mai bin gefe ɗaya ta zama mita 2. Inda wuri ya matse ƙwarai a sauka zuwa 1.5, ban da ƙasa da haka. In za a haɗa masu zuwa da masu dawowa a gefe guda, mita 3. Titin da kwaltarsa ta kai mita 12 yana ɗauka ba tare da an fasa komai ba: mita 3.25 sau biyu na motoci, sauran a raba wa gefe biyu tare da shinge. Titin mita 7 kuwa kada a matsa masa layi da ƙarfi. Ko dai a gina a kan kafaɗarsa, ko a rage gudun kowa. In za a gina kafaɗa, a sa burji santimita 15 a jiƙa a daddanne, rairayi mai tsabta santimita 3 zuwa 4, sannan pabe mai kaurin santimita 6, a mai da shi 8 a duk ƙofar da mota ke tsallakawa. A karkata shimfiɗar santimita 2 a kowace mita don ruwa ya gudu. Inda aka yi ha'inci a dannar burji, damina ɗaya take tona asiri: pabe ya lotsa, ruwa ya kwanta, mai keke ya koma kwalta.

Fenti shi kaɗai ɓarnar kuɗi ne. Rana da rairayi suna cinye shi cikin watanni, kafin nan ma motoci sun mai da wurin tasha. Sai da shinge. Abin da muke ba da shawara maginan garin nan suna iya zubawa: tubalin kankare mai tsawon mita 1, faɗi santimita 20, tsayi 12 zuwa 15, a kafe kowane da rodi biyu mai kaurin milimita 12, a bar mita 1 tsakanin tubali da tubali. Tubali 500 ke nan a kilomita a gefe ɗaya. Ratar nan ba don tsimi ba ce. Shinge mai tafiya ba yankewa yana tare ruwa da rairayi, sai hanyar keke ta zama kwatami. Da rata kuwa ruwa ya wuce, shebur ya shiga. Gefen tubalin da ke kallon keke a fafe shi, saboda feda in ta sauko tazararta da ƙasa wajen santimita 10 ce, tana bugun tsayayyen baki sai mutum ya kifa. A shafa fari da ja, a sabunta bayan kowace damina, in ba haka ba mai moto zai ci karo da shi da dare. Kanibo kuma a ƙirga murafunsa ɗaya-ɗaya a mayar da waɗanda suka ɓace. In murfin na ƙarfe ne, tsagoginsa su gitta hanya, kada su bi tsawonta, kuma kada su wuce santimita 2, don kada taya ta faɗa ciki.

Ranku ya daɗe, mun san tambayar da za ta biyo baya: 'yan kabu-kabu fa? Za su shiga, in an bar su. Wagadugu tana da hanyoyin masu taya biyu a gefen manyan titunanta tun da daɗewa, amma da yake moto da keke aka haɗa a ciki, mai keke ya sake zama ɗan rakiya. Ra'ayinmu shi ne moto da adaidaita su tsaya a kwalta. Kurar 'yan ga-ruwa a bar ta ta bi hanyar keke, gudunsu bai saɓa ba, kuma a mita 2 ana iya wuce ta. Garin da ke sayen ruwa a jarka ba zai tura mai kura cikin motoci ba. Amalanken jaki ya yi faɗi, ya bi gefen kwalta. Kafin a kafa tubali ko ɗaya, a zauna da shugabannin 'yan kabu-kabu da na adaidaita a ware musu wuraren tsayawa na sosai a bakin kasuwa da asibiti, da inuwa. Wanda aka ba wuri ya fi saurin barin wurin wani. Haka masu tebur, masu shayi, masu tsire da masu man kwalba: korarsu ba ta ɗorewa, mako guda sun dawo. A ja musu layi mita 1.5 bayan hanyar keke, a bar wannan ratar ga masu ƙafa, mai unguwa ya zama shaida. In masu ƙafa ba su da wuri, su ne za su cika hanyar keken, kuma ba za a ga laifinsu ba. Wata uku na farko a sa 'yan sandan birni a mashigai safe da yamma, wata na farko jan kunne, bayansa cin tara.

Mahaɗa ita ce inda ake mutuwa. Hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Yamai zuwa Diffa da mai lamba 11 daga Agadas da Tanut zuwa Magarya a garin nan suke gamuwa, da tireloli da tankokin mai. Direban babbar mota ba ya ganin abin da ke gindin ƙofarsa ta dama, kuma in ya karya kwana tayoyin baya suna yanko ciki fiye da na gaba. Mai keken da ya tsaya a nan ya shiga tarko. Magani: layin tsayawar keke ya kasance mita 4 zuwa 5 gaba da na motoci, inda direba zai gan shi ta gilashin gaba, mita 10 kafin kowace kwana ba tebur, ba allo, ba ajiye mota, a titunan unguwa a matse kwana don dole a rage gudu kafin a juya. Inda za a tsallaka babban titi a gina tsibiri a tsakiya mai faɗin mita 2, tunda tsawon keke mita 1.8 ne, mutum ya tsallaka rabi ya huta ya duba. A shataletale kada a zana layin keke a bakin da'ira, nan ne mai fita yake yanke mai wucewa. A zagaya da shi ta waje, ya tsallaka kowane reshe a kan tudu. Mun san hanyoyin ƙasa ba na birni ba ne, na ma'aikatar ayyuka ne. Sai a nemi yarjejeniya a rubuce da su da mai girma gwamna, har da hana manyan motoci ratsa tsakiyar gari a awar tafiya lakwal da awar tashi.

Sauran titunan, waɗanda su ne mafi yawa, ba sa buƙatar shinge. Gudu kawai za a kashe. Mota mai kilomita 30 a awa tana tsayawa cikin wajen mita 13 daga lokacin da direba ya ga yaro. Mai 50 sai ta ci wajen mita 28, a kan busasshiyar kwalta ma, balle mai rairayi. Ƙarfin bugu a 50 ya kusa ninka na 30 sau uku. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Sitokholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsaya a 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Allo ba ya rage gudu, tudu ke ragewa, amma na ƙa'ida: tsayi santimita 10, tsawo mita 4, mai hawa a hankali, da farin zane da allo kafin a iso. Irin wanda 'yan unguwa ke yi da kansu bayan an kaɗe yaro, siririn siminti mai tsini ko gungumen icce, ba mu ga laifin masu yi ba, amma yana lanƙwasa gare, yana tsinka wayoyin taya, yana kayar da mai jarka, mai moto kuwa ya zagaya ta gefe. A maye su da na ƙa'ida, daga bakin titi zuwa bakin titi, a fara da ƙofofin lakwal da makarantun allo da masallatan Juma'a. Cikin Birni da Zango lungunan da kansu sun hana gudu, abin da suke so bai wuce cike ramuka da gyaran kwata ba.

Wanda aka sace wa keke sau ɗaya da wuya ya sayi na biyu. Maɗaurin keke, wato ƙarfen da ake ɗaure shi a jiki, wanda ya fi aiki mai sauƙi ne, duk mai walda zai yi: bututun ƙarfe mai kaurin milimita 50, a lanƙwasa shi baka, tsayi santimita 75 daga ƙasa, tsawo 70 zuwa 80, ƙafafu a binne santimita 30 cikin kankare da guntun rodi a gicciye don kada a tumɓuke. Mita 1 tsakanin kowane biyu, kowane yana ɗaukar keke biyu. Wurin mota guda, mita 2.5 da mita 5, yana cin maɗauri biyar, keke goma. A guji irin mai tsaga da ake cusa tayar gaba: yana karkata gare, kuma ɓarawo ya kwance taya ya tafi da sauran. A yi rumfa, ko ta zana ce, don rana tana dafa sirdi tana ɗaga facin tiyub. A kasuwa da asibiti da tasha a sa mai gadi da tikiti mai rabi biyu, ɗaya a ɗaure a keke ɗaya a hannun mai shi, kuɗin kada ya wuce dala biyar. A lakwal kyauta. Kowane keke yana da lamba a bugge a jikin ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa. A buɗe littafi a kowace gunduma a rubuta lambar da sunan mai shi, kyauta, dillalan tsofaffin kekuna su riƙa dubawa kafin su saya. Muna jaddada kyauta. Ranar da rajistar ta zama haraji, ranar za ta mutu. Sannan duk mai neman izinin gina lakwal, banki, asibiti ko babban kanti, a sa masa sharaɗin maɗauran keke a ƙofa.

Inuwa tana cikin aikin. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Dogonyaro ya riga ya nuna yana jure garin nan. A dasa shi mita 8 tsakani, mita 1.5 daga bakin pabe don saiwa kada ta ɗaga shi, a rami mai zurfin santimita 60 da taki, a tsakiyar Yuli in ƙasa ta sha ruwa, ba ranar biki ba. Kariya daga awaki ta kai mita 1.5, a kuma damƙa kowane icce ga mai shago ko gidan da ke kusa, ya shayar da shi rani biyu. A kauce wa itatuwa masu ƙaya a bakin hanyar keke.

Sai 'yan makaranta, musamman 'yan mata. A jihar Bihar ta Indiya, daga 2006 gwamnati ta riƙa ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke, kuma binciken da aka yi daga baya ya samu shigarsu sakandare a kan lokaci ta ƙaru da kashi 32 cikin 100. Birni zai iya gwadawa da kwaleji biyu ko uku na bakin gari. Keken ya zama mallakin lakwal, a ba da aro na shekara ga wanda gidansu ya wuce kilomita 3, uba ko uwa su sa hannu. A sayi iri ɗaya, marar giya, mai taya inci 26 ko 28 da ake samun kayanta a kasuwa. Kwantenar tsofaffin kekunan Turai masu giya ashirin kyauta ce mai tsada, wata shida rabinsu sun kwanta don ba kayan gyara. Na 'yan mata ya zama marar sandar tsakiya, da murfin sarƙa, da raga a gefen tayar baya, saboda hijabi da zane suna shiga cikin wayoyin taya, kuma faɗuwa ɗaya a gaban jama'a ta isa yarinya ta ajiye keke har abada. A koya musu a filin lakwal, mace ta koya wa mata. Kafin wannan duka a kai maganar fada. In Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, da limamai da masu unguwanni suka sa albarka, iyaye za su saki jiki. Kowace lakwal a ɗaura ta da mai gyara guda, ya zo sau ɗaya a mako ya duba birki, iska da sarƙa. Ya kuma hana yara zuba wa sarƙa baƙin mai, wanda ke kama rairayi ya cinye haƙora.

Masu faci a ba su gurbi a kowace kilomita a kan layin, a yafe musu tikitin rana, su kuma su ajiye famfo kyauta ga mai wucewa. Da dare yawancin kekunan garin nan ba a ganin su. Maimakon kamu, a raba jan madubi na baya da farin na gaba da ƙyalle mai ƙyalli na wayoyin taya ta hannun masu facin nan, shekara guda, sannan a fara tambaya. Kuɗin kwastan da harajin TVA na kashi 19 cikin 100 ba ku ke yanka su ba, amma kuna iya rubuta wa gwamnati ku nemi sassauci a kan keke marar giya da taya da tiyub. Masu kai takardu da masu karɓar haraji na birni su ma a saya musu keke, mutane su ga ma'aikaci a kai.

Za a zo muku da shawarar ranar keke, da riguna da 'yan jarida. Bogota tana rufe manyan titunanta ga motoci kowace Lahadi tun daga shekarun 1970, Kigali ma ta fara nata a 2016, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa 3 ga Yuni ranar keke tun 2018. Ba mu ƙi ba, sai dai 3 ga Yuni a Damagaram tsakiyar zafi ne, kuma biki ba ya kwashe rairayi. A bar shi ƙarshe: safiyar Lahadi a watan Disamba ko Janairu, 6:30 zuwa 9:30, a kan layin da aka gama. Shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa na 2018 ya bar wa garin sababbin tituna, su ne jarin da za a ɗora wannan aiki a kai. Nairobi ta rubuta a manufarta ta 2015 cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin tituna na masu ƙafa da masu keke ne. Mu ba mu yanka muku kashi ba. Muna neman layi mai sunansa a kasafin birni, da ma'aikaci guda da za a san shi ne mai wannan aiki, wanda za a iya kai wa ƙara in murfin kanibo ya ɓace.

Ga jerin da muke roƙo. Ƙirga da zaman shawara da masu tebur da 'yan kabu-kabu a watan Oktoba da Nuwamba. Shara, murafun kanibo da maɗauran keke daga nan take, tunda ba sa jiran kowa. Zuba tubali da shimfiɗa pabe daga Disamba zuwa Maris, a riƙa jiƙa kankaren kwana bakwai a rufe da buhu, don iskar hunturu tana busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Dashe a Yuli. A watan Nuwamba na gaba a sake ƙirga a mahaɗun nan, a ranakun nan, a awannin nan, a karanta sakamakon a gidajen rediyon gari, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In kun sa rana, za mu zo da ma'auni da samfurin tubali da na maɗauri, mu bi layin da ƙafa tare da ma'aikatanku.

Allah ya ƙara wa Damagaram albarka. Wassalam.

Daga wasu masu gyaran keke, masu walda, magina da malaman lakwal na birnin Damagaram.